Ni Na Je Biki, Mota Aka Gayyata

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da sayen 'yar motata ta hannu ba, abokina ya kira ni ya ce an sa ranar aurensa a Daura. Tare muka yi makarantar kwana, gadonsa a sama nawa a ƙasa. Ya ce, "Mutumina, kai ne babban aboki, babu wani. Kai za ka yi sayen baki. Amma dai da mota za ka zo ko?" Na ce sosai ma. Lokacin ko shagon bakin layi zan je sai na tada ta, balle biki.

Na roƙi hutu a wurin aiki, oga yana ta ɓata rai. Na ɗinka anko, na taso daga Kano ina jin kaina.

Ranar ɗaurin aure da safe, na ci ado ina gyara zaman hula, sai ga ango ya ja ni gefe. "Don Allah taimaka min. Gwaggona tana Baure, ta rantse ba za ta hau motar haya zuwa bikina ba. Yanzun nan za ka je ka dawo."

Wanda ya san Baure ya san ba yanzun nan ba ce. Amma na tafi.

Na tarar Gwaggo ko wanka ba ta yi ba. Da ta shirya kuma ba ita kaɗai ta fito ba, har da maƙwabtanta uku, da buhun gero, da kaji a ɗaure. A Zango ta ce in tsaya ta yi wa wata gaisuwar rasuwa. Na ce, "Gwaggo, za a shafa fatiha fa babu mu." Ta ce, "Kai yaro, fatihar taka ce? Direbobin yanzu ba ku da haƙuri."

Na yi dariya. A lokacin abin dariya ya ba ni.

Muna shiga Daura mutane na watsewa, kowa da goronsa a hannu. An ɗaura, an yi hotuna. Kafin in kai ga ango in yi masa murna, wata yayarsa ta tare ni da kulolin abinci, a kai gidan amarya. Daga can aka ce kujeru. Daga kujeru aka ce wasu baƙi sun sauka a tasha. Shinkafar bikin nan ƙamshinta kawai na sha a cikin mota, miya kuma ta zube min a kujerar baya.

Duk ban damu ba, ina cewa ai sayen baki na nan. Nan ne ake sanin waye abokin ango.

Da yamma aka zo ɗaukar amarya. Na wanke mota tas, ina zaton ita za ta ɗauke ta. Ashe wani sabon abokinsa na wurin aiki ya zo da jibgegiyar mota, mai sanyi. Ita ta ɗauki amarya. Ni aka cika min tsofaffi 'yan rakiya. Da muka isa, ina kulle mota zan bi ayari ciki, kawun ango ya dafa ni. "Direba, kar ka yi nisa. Suna fitowa za ka mai da su Sandamu."

Ango yana tsaye a wurin, da kunnensa ya ji. Na kalle shi ina jira ya ce, "Kawu, ai wannan aminina ne." Kalma ɗaya. Sai ya gyara babbar rigarsa ya ce, "E, Kawu, zai kai su." Ya kama hannun mai jibgegiyar suka shige.

Daga cikin mota nake jiyo shewar ƙawayen amarya ana ciniki. Na kai tsofaffi Sandamu, suka sa min albarka. Su kaɗai suka yi min godiya a bikin nan. Washegari na kama hanyar Kano ban yi wa kowa sallama ba, babu kuma wanda ya kira ya ji ko na sauka lafiya.

Ba aiken ne ya ƙona min rai ba. Da ya ce min, zo ka yi min jigila, wallahi zan zo, in sa tsohuwar riga in yi da zuciya ɗaya. Amma in ka taso mutum daga wani gari, ka faɗa masa gaskiyar abin da ka kira shi ya yi. Ka tambaya ko ya ci abinci. In an raina shi a gabanka, ka buɗe baki. Har yau in na ga ayarin kai amarya, motar ƙarshe nake kallo, ina tunanin abokin waye a ciki.

Bara abokin nawa ya kira ni, bayan dogon shiru. Ƙaninsa zai yi aure, lallai in zo. Muka gaisa sama-sama, sai ya ce, "Motar nan tana nan kuwa?"

Tana ƙofar gida ina kallonta. Na ce na sayar.

Ya ce, "Ayya. To, Allah Ya sa hakan ne alheri."

Ko ranar bikin bai faɗa min ba.