Bencin da Ban Zauna a Kai Ba

Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, bayan la'asar, ɗanka Ikrima ya kira ni ya ce Allah Ya yi maka rasuwa. Baba Mudathir mai gyaran rediyo na Wunti, ka tafi ka bar ni da baƙin ciki da haushi, kuma haushin kaina ya fi yawa.

Shekara goma sha tara ina kaɗa jitar bas, mai kaurin amo, a cocinmu da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti mai kwalaben gilashi, wadda ta girme ni. Duk Bauchi kai kaɗai ka san kanta. In aka sa sababbin kwalabe, dole a daidaita wutar da ke bi ta cikinsu. Ta yi yawa su ƙone, ta yi kaɗan sauti ya fito kamar na mai mura. Kakan kunna ta, ka bar ta ta yi zafi har ka shanye shayinka, sannan ka cusa hannun hagu a aljihu don gudun jan wuta, kana murɗa wani ɗan noti da dama, idonka a kan mita. Na taɓa yi wa hannun nan dariya. Ka ce, “Habila, wutar cikin nan ba ruwanta da liman ko fasto.”

Sau nawa ka jawo mini benci ka ce in zauna in koya? Kullum amsata ɗaya: “Baba, sai wani zuwan.”

Mako biyu da rasuwarka, kwalaben da ka sa na aika a sayo suka iso daga Legas. Masu gyara huɗu na zaga. Uku suka ce in jefar da ita in sayi ta zamani. Na huɗu ya hau murɗawa da ka, ba mita, ina tsaye kwalba ɗaya ta yi ja kamar garwashi, ta mutu. Na kwashe kayana ina huci.

A gida na leƙa cikin akwatin, sai ga rubutunka da fensir a jikin katako: lambobi a jere, kowace da ranarta. A ƙasa ka rubuta, “Na Habila, in ya zauna.” Lambobin suna nan, Baba. Inda ake ɗora mitar ne ban sani ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Inna Zubaida, matar Baba, Allah Ya ba ku haƙuri ke da yara. Ikrima, ranar da za a rufe shagon, don Allah a bar mini bencin nan.