Ruwan Hagun Gada

Duk abin da duniya ta sani game da tekun nan, daga hannun mutum ɗaya ya fito. Haka dai shi mutumin yake faɗa, kuma ba a taɓa musa masa ba, don yawanci matarsa yake faɗa wa, ita kuwa hankalinta na kan tukunya.

Mai Guga ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana aiki a tashar binciken teku. Ƙarfe bakwai na safe zai taka gadar katakon da ta miƙe cikin ruwa har ƙarshenta, ya zura guga, ya cika kwalabe uku, ya dubi inda tutar iska ta fuskanta, ya rubuta a littafi. Sai ya jera kwalaben a tebur, bakin ɗakin gwaji. Doka ɗaya ya gada daga wanda ya koya masa aikin: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ta hannun dama. Ranar da aka haifi 'yarsa ta fari ma sai da ya ɗebi ruwa kafin ya je ganin jaririya, har yau kuma ana yi masa gori.

Saura mako guda ya yi ritaya, Dakta, shugabar ɗakin gwajin, ta tara ma'aikata ta yi musu albishir mara daɗi. Ta ce iskar da ke bin gaɓa ta ƙara ƙarfi, tana kore ruwan sama zuwa tsakiyar teku, sai na can ƙasa mai sanyi da tsami ya taso ya maye gurbinsa. Shi ya sa ɓawon kaguwa ke yin laushi. Ta nuna zane a bango, layi yana tafiya lafiya lau, sai ya karkace.

"Daga nan abin ya tsananta," in ji ta, "shekara goma sha biyu ke nan. Ranar Litinin rahoton zai fita."

Kowa ya tafa. Mai Guga ya tafa sau biyu, sai ya tsaya cak.

Shekara goma sha biyu da suka wuce iskar ta fara gallabarsa. Tana buga gugan da ginshiƙin gada, ruwan ya zube rabi, igiya ta yanke masa tafi. Hula uku ta ƙwace masa a wata guda. Ranar da ta ɗauke ta huɗu, ya yi taku biyar zuwa hannun hagu, inda rumfar ƙarfe ke tare iska, ya zura guga cikin kwanciyar hankali. A littafi kuwa ya ci gaba da rubuta "dama", don hannu ya saba. Ta hagun nan kuma bakin magudanar tashar yake, yana tsiyaya cikin teku dare da rana.

Ashe gaskiyar Dakta, iska ce ta sauya ruwan. Sai dai ba teku ta tura ba, shi ta tura.

Ya kasa zama. Ya zauna a kujera, ya tashi, ya leƙa ƙofa, ya dawo ya gyara labulen da ba abin da ya yi masa. Abinci ya huce a gabansa.

"Malam, ko ƙudan zuma ne a wandon?" matarsa ta tambaya.

"Ke ba za ki gane ba. Na tsamar da teku."

"To, madalla. A da miyata kaɗai kake cewa ta yi tsami, yau ka samu babba."

Ya kwashe labarin ya faɗa mata. Ta ce ya rufa wa kansa asiri, saura kwana nawa ne? Ya ce sunan yarinyar nan Dakta zai ɓaci a idon duniya saboda hularsa. Ta ce hular ma ba wata ta kirki ba ce. Washegari ya ɗebi ruwa ta dama da ta hagu, ya ɗanɗana wannan, ya ɗanɗana wancan, ya tofar. Duk gishiri. Sau uku yana zuwa ƙofar ofishin Dakta yana komawa, har mai shara ta tambaye shi ko wani abu ya yar a wurin.

Ranar ƙarshe ya sa rigarsa mai kyau, ya rungumi littattafan shekara goma sha biyu, ya shiga.

"Ranki ya daɗe, kada rahoton nan ya fita. Laifina ne."

Ta saurare shi har ya kai aya, tana juya biro a hannu. Sai ta miƙe ta buɗe taga, ta nuna masa wata ganga mai ruwan ɗorawa tana lilo can nesa a kan ruwa.

"Baba, ka ga waccan? Na'ura ce a cikinta, ita ke auna mana komai, duk bayan minti goma. Rahoton daga ita ya fito."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha biyar. Kafin in zo aka kafa ta."

"To, kwalabena fa?"

Dakta ta dubi biron hannunta. Ta ce ita dai ta tarar ana ajiye su, ba ta kuma ga takardar da ta ce a daina ba. Sai ta kira mai shara, don ita ta fi kowa sanin zancen.

Mai shara ta ce ai tana kula da su sosai. Kullum da azahar take juye su a magudana, ta wanke, ta kife su bushe.