Wasiƙar Yaya Habibu da ta ƙi karantuwa

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Habibu a Sudan. Allah Ya jiƙansa. Na zauna in rubuta, sai na tarar ba baƙin ciki a raina, ba kuma sauƙi.

A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki muka ɓata. Na kwashe littattafan mahaifinmu daga zaurenmu na Madabo na ba masallaci, ban shawarce shi ba. Ya daina aiko mini da wasiƙa. Bayan shekara uku, abokina Malam Sabo, mai shagon kwamfuta a Ƙofar Nassarawa, ya aiko in zo, wai Habibu ya turo mini imel.

Da Ajami ya rubuto, don ba mu taɓa yi wa juna rubutun boko ba. Manhajar da ta zo da kwamfutar ta nuna mana ƙananan akwatuna da alamun tambaya. Sabo ya sa wata ta kyauta, ta canza haruffan zuwa wasu baƙaƙe da ba mu san ko na wace ƙasa ne ba. Ta ukun ma cewa ta yi ba komai a ciki.

"Malam, ka ga masu yin manhajojin nan?" in ji Sabo. "Sun zauna sun yarda da ƙa'ida ɗaya, kowa ya koma gida ya yi ta kansa. Ko masu awo sun fi su amana."

Na ce, "To, zagina ya yi ko gaisuwa?"

"Wallahi sai dai a nemo mai duba."

Ya ce in roƙi Habibu ya sake turowa da boko. Na ƙi. In zagi ne, ba zan roƙa a maimaita mini ba. A haka ya rasu.

Yau Ajami na shiga waya ya fita lafiya. Da Habibu yana nan, na san abin da zai ce: ashe dama gyaruwa yake yi?

Bana Sabo ya ci karo da tsohon faifan kwamfutar da ya adana saƙon a ciki, ya buɗe shi da sabuwar manhaja. Layi biyu ne: "Littattafan sun fi amfani a inda ka kai su. Na yi fushi da yawa, ka yafe mini, ka rubuto."

Wannan halin nasa shi ne ya rage mini: shi babba, shi ya fara sauka. Na sa Sabo ya buga amsa da Ajami: "Na yafe, Yaya. Ni ma ka yafe mini." Saƙon ya dawo, an rufe adireshin tuntuni. Amma haruffan sun dawo daidai, ko ɗigo ɗaya bai ɓata ba.