Katantanwa a Ƙolin Dutse

A da, idan mutum ya dawo daga tafiya, bakinsa ne shaidarsa. Ya zauna kan tabarma a ƙofar gida ya faɗi abin da ya gano, a ce "ikon Allah", a wuce wurin. Yanzu kuwa kafin ka rufe baki wani ya zaro waya yana duba ko ƙarya kake. Abin da ya same ni ya faɗo ne a tsakani, lokacin an fara daina yarda da baki, waya kuma ba ta iso ba.

Cinikin fata ya kai ni ƙasashe da dama, na tsinci Larabci da Faransanci a hanya. A kudancin Faransa wani abokin cinikina ya ja ni hawan dutse. Ni da na tashi a gindin Goron Dutse, na ɗauka na san dutse. Namu ja ne, marmara, kana hawa kana gaisawa da mutane, ka kai sama goron bakinka bai ƙare ba. Wancan fari ne, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa, a tsaye kamar ganuwa. Itatuwa suka raka mu rabin hanya suka haƙura. Daga nan sai 'yan furanni a tsaga, da awakin jeji masu kallon mutum kamar ya shigo gida ba sallama. Ruwan sama a namu gangarowa yake ya cika mana lungu. Shi wancan shanyewa yake ta ramuka, ya fito da shi can ƙasa a marmaro.

A ƙoli abokin ya ɓamɓaro guntun dutse ya miƙo mini. Katantanwa ce kwance a jiki, ita ma ta zama dutse. Ya ce nan inda muke tsaye, da can ƙarƙashin teku ne. Na sa ya maimaita a hankali, kada ya zamana kunnena ne. Na naɗe guntun a takarda na jefa cikin tsaraba.

Da na dawo na ba da labarin a majalisarmu bayan la'asar. Akwai wani tsohon dillalin shanu, Bafulatani, abokin wasana ne tunda kakana Babarbare ne. Ya gyara zama.

"Malam, teku a kan dutse? To da kwalekwale ka hau ko da tsani?"

"Da can nake gaya maka, tun kafin a yi mutane."

"Kai kana ina a lokacin? Barebari ke nan. Da sun yi nisa da gida sai magana ta yi ƙiba."

Aka yi dariya. Abin ya ci mini rai, domin a unguwar nan ba a taɓa neman shaida kan maganata ba. Na ce gobe zan zo da katantanwar, kowa ya taɓa da hannunsa.

Da safe na zazzage kaya ban ga dutse ba. Na tambayi mai ɗakina.

"Hajiya, ina farin dutsen da ke cikin tsaraba?"

"Kanwar? Ai Malam an cuce ka. Na jiƙa ta ta ƙi narkewa, sai da na daka ta a turmi."

"Kika yi me da ita?"

"Miyar kukar jiya mana. Wadda kake ta mitar akwai ƙasa a ciki."

"Ba ki ga katantanwa a jiki ba?"

"Na gani. Na ce Turawan nan ko wanke abu ba sa yi kafin su sayar."

Na so in ƙi fita ranar, amma ƙin fita ya fi muni. Na je hannu rabbana na faɗi yadda aka yi. Dillalin ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, kamar mai jin ta'aziyya.

"To alhamdu lillahi, ashe shaidar na nan, tana cikinka. Jama'a a matsa masa, mutumin nan ya sha teku da tuwo."

Limamin unguwarmu kansa sai da ya rufe baki da hannun riga.

Har yau idan na yi magana kan abin da ya faru a cikin birni, ba mai ja. Amma da zarar labarina ya fita Ƙofar Ruwa, sai wani ya tambaya ko shi ma Hajiya ta daka. Shi ya sa na daina ba da labarin tafiya a majalisar nan.