Ƙarfe Huɗu na Kano

Sau biyu a shekara ake canza agogo a nan Landan. A ƙarshen Maris a tura shi gaba da awa ɗaya, a ƙarshen Oktoba a dawo da shi baya. Ga 'yan ajinmu abin bai wuce ƙarin barci ko raginsa ba. A gidanmu kuwa makon aiki ne, domin Abba ke kula da kwamfutocin wasu ƙananan kamfanoni, kuma ba duka ne ke gyara lokacinsu da kansu ba. Akwai wani kamfanin share ofisoshi a unguwar Croydon da tsohuwar na'urarsu ke rikicewa kowane karo. Sai ta tura ma'aikata wurin aiki kafin a buɗe ƙofa, ko ta ce sun makara alhali suna tsaye a bakin wurin tun ɗazu.

Agogon bango na kicin ɗinmu a unguwar Catford mai hannu ne, shi ma sai an taɓa shi. Ranar Lahadin canji Abba kan hau kujera bayan karin kumallo, ni kuma in riƙe masa ita. Daga ƙasa safarsa kawai nake gani, mai ɗan rami a dunduniya.

"Riƙe da kyau," yakan ce. "In na faɗo, ke za ki je Croydon ki yi musu gyara."

A kan kujerar nan ya gaya min cewa daga Maris zuwa Oktoba lokacinmu da na Kano ɗaya ne. Sai sanyi ya shigo mu koma bayansu da awa guda.

Hajiya, mahaifiyar Abba, a Kano take. Duk Lahadi mu ke kiranta, haka aka saba, wanda ke waje shi ke kira. Ina jin duk Hausar da take yi, amma in aka miƙo min waya sai harshena ya yi nauyi, in yi ta gyaɗa kai.

"Baturiya, yau ma da ka za ki amsa min?" takan ce. "To ni kunnena ba ya jin gyaɗa kai. Wa ya sace miki baki, in zo in karɓo?"

Sai in yi dariya in ɓuya a bayan Umma.

A Oktoban bara aka kwantar da ita a asibiti. Ranar Juma'a Baffa, ƙanin Abba, ya ce a kira ranar Lahadi da ƙarfe huɗu, lokacin ake barinsu su shiga, kuma bayan la'asar ta fi farkawa. Muna cin abinci Abba ya sa wa wayarsa ta tuna masa. Na ga ya goge yatsansa da tishu kafin ya danna.

Ni kuma na ƙudura wannan karon zan yi magana. Na rufe kaina a banɗaki ina gwadawa a gaban madubi. Hajiya, ya jiki? Allah ya ba ki lafiya. Ga bakina, na samo shi. Na yi ta maimaitawa har Umma ta buga ƙofa ta tambaya da wa nake hira.

Lahadin nan ce ranar mayar da agogo baya. Tun kafin shayi ya yi sanyi aka kira Abba daga kamfanin sharar, na'urarsu ta sake hargitsa komai. Ya fita da gurasa a hannu, ba a hau kujera ba. Ɗakin da suke ajiye na'urorin a ƙarƙashin ƙasa yake, waya ba ta shiga.

Ya dawo saura kaɗan huɗu ta cika, rigarsa jiƙe da ruwan sama, yana murna.

"Na gama da su! Har jirgin tram ɗin ma ya jira ni yau."

Muka jeru a kan kujerar falo. Umma ta gyara min mayafi. Wayar Abba ta yi ƙarar tunatarwa, ya kira.

"Haba Yaya, sai yanzu?" in ji Baffa. A waje yake, ina jin hon ɗin motoci.

"Ba huɗu ka ce ba?"

"Ai biyar ta yi. Tuni aka fito da mu. Ta farka fa, har ta sha kunu. Tana ta cewa ina 'yan Landan, a ba ta Baturiya ta ji ko an samo bakin. Na yi maka flashing bai shiga ba. Na riƙe wayar kusa da kunnenta har barci ya ɗauke ta."

Abba ya juya a hankali ya dubi kicin. Ƙofar a buɗe take, agogon bango na nuna biyar. Wayarsa ta gyara lokacinta da kanta, daidai yadda yake fama ya koya wa na'urorin mutane, shi kuma tun Maris huɗunmu huɗun Kano ce, har ya daina lissafi.

"Gobe in sha Allahu," ya ce wa Baffa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

Hajiya ba ta ƙara farkawa ba. Ranar Litinin da na fito daga makaranta na ga Umma a bakin get, abin da ba ta saba ba, da takalmin gida a ƙafarta. An riga an kai Hajiya makwancinta tun kafin mu tashi daga darasin lissafi.

Duk lokacin sanyin nan agogon kicin bai koma baya ba. Wata mata da ta zo gaisuwa ta kalle shi ta miƙe a firgice, wai ta rasa bas. Umma ta ce, "Abban yara, a gyara agogon nan mana." Ya ce zai gyara. Ba ta sake tuna masa ba. Ni dai na koyi cire awa ɗaya duk safiya kafin in ɗauki jaka. Wani lokaci da yamma nakan same shi tsaye a kicin da kofi a hannu, yana kallon bango, ba ya sha.

Da Maris ya zo, ranar Lahadin canji, bayan karin kumallo ya jawo kujera kamar kullum. Na zo na riƙe. Ya hau, ya sauko da agogon, ya duba wayarsa, ya sake duba agogon. Babu abin gyarawa, sun yi daidai. Ya daɗe a sama. Safar ce dai mai rami.

"Abba," na ce da Hausa, "sauko. Ina riƙe."

Ya share fuskar agogon da hannun rigarsa, ya mayar da shi kan ƙusa, ya sauko.