Malam Sa'idu Bai Nutse a Teku Ba

Ina ofis a kan titin Elm da hantsi aka ce ana nemana a waya. Muryar wani Bature ce, mai kula da filin gyaran jiragen ruwa da ke Oriental, can bakin teku. Ya tambaye ni ko ni ce 'yar Malam Sa'idu, na ce ni ce. Sai ya ce sun tarar da Baba zaune a inuwar jirginsa, ya jingina da ƙarfen da aka tokare jirgin da shi, dardumar sallarsa a naɗe a gefe. Likita ya ce zuciya ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da gangan na faɗi inda ya cika dalla-dalla. Jirgin yana kan tudu, tun shigowar sanyi aka fito da shi daga ruwa. Ko tafin ƙafar Baba bai jiƙe ba. Amma kafin mu iso da gawarsa Greensboro, wasu manya masu furfura sun riga sun nutsar da shi a teku da bakinsu, har labarin ya rigaye mu isa gida Najeriya.

Baba mutumin Yawuri ne, a bakin kogin Kwara ya tashi. Ya karanci injiniya, ya yi aiki a masaƙun Kaduna, daga nan wata masaƙa ta nan garin ta ɗauke shi, muka tare a wani ɗan gida kusa da Sedgefield ina 'yar budurwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ba shi da yawan magana, ba ya zuwa inda ake zaman gulma, amma duk ɗalibin da ya sauka garin nan ba shi da kowa, a falonmu yake fara kwana. Abu ɗaya ya hana shi sakewa a Greensboro, babu babban ruwa. A farkon shekarun casa'in ya sayi wani tsohon jirgi mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa, mai ɗan inji a ciki don shiga da fita daga tasha. Ya ajiye shi a bakin teku, tafiyar kusan rabin yini daga gida.

Daga ranar 'yan'uwanmu na garin nan suka sami abin taunawa. Shugabansu a wannan aikin shi ne Alhaji Tanko, dillalin tsofaffin motoci, wanda ya naɗa kansa uban kowa. Mutum ne da ba ya iya gama zance bai ambaci wani attajiri na Irving Park, unguwar masu kuɗi, da suka taɓa gaisawa ba. A wurinsa Baba ya zama Bature, ya manta asali. Abin dariya, asalin Baba shi ne ruwan. Sau ɗaya Baba ya gayyace shi hawan jirgin. Ya zo da babbar riga mai aiki, ya ɗora ƙafa ɗaya, jirgin ya ɗan motsa, ya janye ƙafar ya ce ya tuna yana da baƙi. Bayan sati guda aka ji shi a harabar masallaci yana ba da labarin yadda igiyar ruwa ta kusa halaka su.

Na kawo wa Baba wannan labarin raina a ɓace. Ya ce, "Uwata, bakinsa ne, shi ya san abin da zai yi da shi. Miƙo mini giris."

Farfelar da jirgin ya zo da ita, wadda ke tura shi a ƙarƙashin ruwa, mai fukafukai biyu ce a kafe. Idan aka kashe inji aka ɗaga ƙyalle, sai ta riƙa jan jirgin baya kamar an ɗaura masa bokiti. Baba ya shafe sanyin wata shekara yana nazarin wadda zai sa. Mai kantin kayan jirage ya so ya tura masa irin wadda fukafukanta ke naɗewa, ya ce ita ake yayi. Baba ya tambaye shi yadda take kama ruwa idan aka sa ribas, mutumin ya kama kame-kame. Baba ya bar masa kayarsa. Ya zaɓi ta tagulla mai fukafukai uku, waɗanda ke juyawa da kansu su miƙe su bi ruwa da kaifinsu idan inji ya tsaya, idan kuma aka sa ribas su juya gaba ɗaya su riƙe jirgin nan take. Dalilinsa ɗaya ne. Mama ta ce ba za ta bar mu mu hau ba sai ya tabbatar mata zai iya tsayar da jirgin a inda ya so. Ya ce mini, "Gudu na kowa ne. Ni da ke da iyali a ciki, tsayawa nake saye."

Ya auna kaurin sandar injin, ya auna ratar da ke tsakaninta da cikin jirgin, ya sake aunawa. Duk da haka karon farko bai dace ba. Ya karkata fukafukan fiye da kima, injin ya riƙa tari yana fitar da baƙin hayaƙi. Bai ɗora wa kamfani laifi ba, bai ɗora wa kowa ba. Ya sa aka sake fito da jirgin, ya kwance, ya rage karkatar kaɗan, ya buga alama da ƙusa a jikin tagullar. Ranar da muka gwada, ya kashe injin, ya danna giya zuwa ribas don sandar ta tsaya. Na ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashinmu, sai shiru, jirgin ya zarce kamar an kwance masa mari. Baba ya yi dariya har da hawaye. Ban taɓa ganin haka a fuskarsa ba tun barinmu Kaduna.

Kowace shekara idan sanyi ya shigo yakan kwanto farfelar ya kawo ta gida. A gareji muke zama ni da shi, mu kankare ƙwarin teku masu ɓawo da suka manne mata, mu wanke tsohon giris, mu duba haƙoran ciki ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ɗan dunƙulen tutiya da ake ɗaurawa a bakinta don gishirin teku ya ci shi ya bar tagullar. Baba ba ya jiran ya cinye. Yakan ce, "Abin da ke ƙarƙashin ruwa ba ya kiran ki, ke za ki je ki duba shi." Idan kuma ya ga ina ɗaure kusa da ƙarfi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Wa ya ɓata miki rai? Je ki sha ruwa ki dawo."

Wata Asabar Alhaji Tanko ya same mu a haka. Ya tsaya a bakin gareji ya toshe hanci da gefen hularsa.

"Malam Sa'idu, gyaran fanka ka koma? Dubi hannun yarinyar nan don Allah. Wa zai aure ta a haka?"

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Wanda ya san akwai sabulu a duniya, Alhaji."

Wannan mutumin ne, a ranar da aka yi rasuwar, bai tambayi kowa komai ba, ya buga wa ƙaninsa waya a Birnin Kebbi ya ce jirgin nan ya kife da Malam Sa'idu, dama ya sha faɗa. Labarin ya shiga mota ya tafi Yawuri, a hanya aka ƙara masa cewa ba a ga gawa ba. Ya sami Gwaggo Hauwa, yayar Baba da ta goya shi. Suna da ƙane da kogi ya tafi da shi suna yara, har yau ba a san inda yake ba. Tsohuwar nan ta yanke jiki ta faɗi.

Muna zaman makoki wayar gidanmu ta yi ƙara. Gwaggo ce, an kai ta wani ofishin waya, muryarta ta dushe. "Ba a same shi ba? Shi ma kifi za a bar wa?" Na rantse mata an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an binne shi a maƙabartar Musulmi. Ta ce lallashinta nake yi. A daidai lokacin ina jiyo Alhaji Tanko daga falo, ya kame kujerar Baba, kofin shayi a hannu, yana shaida wa masu gaisuwa cewa babu wanda ya kai shi kusanci da marigayi.

Na ja igiyar wayar har tsakiyar falon.

"Alhaji, ga Gwaggo a layi. Kuna sahun gaba da aka yi masa salla. Ku gaya mata abin da idonku ya gani."

Ya ce, "Ke, wace irin rashin kunya ce wannan a gaban maza?"

Liman, da ke cikin masu gaisuwa, ya ce, "Karɓi wayar, Alhaji."

Ya karɓa. Mutumin da ake jin muryarsa daga ƙarshen unguwa, ranar sai da muka kasa kunne. Ya ce an binne shi, ya gani. Ya ce shi ma haka ya ji ne da farko. Bai ce daga wurin wa ya ji ba, babu kuma wanda ya wahalar da kansa ya tambaye shi. Bai nemi gafarar Gwaggo ba. Kafin ya fita har ya sami ƙarfin halin aika wa Mama cewa yana da mai sayen jirgin, don a raba yara da fitina. Mama tana cikin takaba, daga bayan labule ta amsa. "A ce masa mun gode. Ba na sayarwa ba ne."

Da aka watse na ɗauki ƙanena Usman muka tafi Oriental. Baba ya kwance farfelar zai mayar da ita kenan ajali ya riske shi. Sassanta suna jere a kan tsumma yadda ya saba jera su, mai filin ya lulluɓe su da leda bai taɓa ko ɗaya ba. Na bi alamar ƙusar nan na daidaita fukafukan, na cika ta da giris, na ɗaura sabuwar tutiya. Usman ya juya ta da hannu, ta juya sumul. Aka mayar da jirgin ruwa muka fita da shi, muka dawo lafiya, ya tsaya cak a inda na so.

Ya Allah, bawanka Sa'idu ya komo gare Ka. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka. Ka ƙarfafi zuciyar Mama a ƙasar da ba tata ba, Ka sanyaya wa Gwaggo Hauwa, Ka raya Usman a kan hanyar ubansa. Masu ɗaukar mutuwar mutane suna yawo da ita kuwa, Ka shirye su idan masu shiryuwa ne, ni dai ban kai ga yi musu addu'ar da ta wuce wannan ba tukuna. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa mu cika da imani. Amin.