Ƙugiyar Dankure a Bindigar Di'o

Duk masuncin da ke jefa ƙugiya tsakanin Argungu da Augie a zamanin Turawa ya san Dankure maƙeri. Ƙugiyarsa in ta shiga bakin giwan ruwa, sai dai wuƙa ta raba su. Mutum ne mai hannu, amma bakinsa ya fi hannun aiki. Da Sarkin Maƙeran Birnin Kebbi ya rasu, Dankure ya ɗaure zugazuginsa a jaki ya taho daga Argungu neman rawani, don a ganinsa sauran maƙeran garin fartanya kawai suka iya.

Ana cikin kamun ƙafa sai ga Tamba, masinjan Di'o Baturen mulki, da ƙaramar bindigar maigidansa a naɗe cikin tsumma. Irin wadda ke tofar da kwanson harsashi da kanta ce in an harba, ta ɗauki sabo. Yanzu ta daina tofarwa.

"Malam Dankure," in ji Tamba, "in kag gyara wagga, Nasara da kai nai za shi kai sunanka hwada."

Dankure ya kwance ta, ya iske wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke kama gindin kwanso ya fizgo shi waje. Datti ne da busasshen mai suka daskare a ƙarƙashinsa, abin da tsinke da tsumma za su raba gardama. Amma wa zai ba mutum sarauta don ya goge datti? Ya ɗaga ƙarfen ya duba, tausayin Turawa ya kama shi.

"Tamba, wagga ai ƙugiya ta, kuma ba ta da ƙaya. Ƙugiyad da ka sakin abin da tak kama, mi a amfaninta?"

Kwana biyu yana kanta da magagari. Ya fitar mata da ƙaya mai kyau, irin wadda yake wa manyan masuntan Gulma.

Ranar gwaji Di'o ya tara mutane a bayan bariki, ya sa aka kafa tulu. Harbin farko tulu ya fashe. Na biyu shiru. Ƙugiya ta cafke kwanso ta ƙi saki. Di'o ya ja, ya girgiza, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Dankure kuwa yana gefe yana shafa gemu.

"Ranka shi daɗe, ja da ƙarhi," ya ce. "Ba ta saki."

Bindiga ta tafi Kaduna gyara, rawani ya tafi kan wani Labbo mai ƙera fartanya. Abin ya ci wa Dankure rai ƙwarai, har ya yi wata guda bai hura wuta ba. Ya koma Argungu ya tsufa a maƙerarsa, kuma duk wanda ya zo taya ƙugiya sai ya sha labarin.

"Nasara da kai nai ya ja ta gaban jama'a," yakan ce. "Tahi ka tambaya ko ta saki."